Askiya tara a shekara 98: yadda rikicin gadon sarauta ya cinye Songhai

Idan aka tambayi mai ɗan sanin tarihi me ya kayar da daular Songhai, zai ce bindiga: mutanen Maroko sun zo da wuta, Songhai na riƙe da kibiya da mashi. An yi haka kuwa, a Tondibi kusa da Gao, babban birnin daular, cikin watan Maris na 1591. Sai dai wanda ya jera sunayen sarakunan ya ƙirga shekarun kowa zai ga ciwon ya daɗe a jiki. Askiya tara suka hau karaga a Gao tsakanin 1493 da 1591. Biyu daga ciki, Askiya Muhammadu da ɗansa Dauda, sun kwashe kusan shekara 69. Ragowar shekara 29 ita bakwai suka raba, kuma huɗu daga cikin taran 'yan'uwansu na jini ne suka tuɓe su ko suka kashe su tun Maroko ba ta iso ba.

Ƙasar kanta Sunni Ali ya tara ta, daga 1464 zuwa 1492. Ya ci Tumbuktu, ya ci Jenne bayan doguwar tsarewa, kuma ƙarfinsa biyu ne, dawaki a tudu da jiragen ruwa a kan Kwara. Da ya rasu ɗansa Sunni Baru ya gaje shi, amma bai daɗe ba wani babban kwamandan mahaifinsa, Muhammadu Ture, ya ci shi da yaƙi a Anfao a 1493, ya ɗauki laƙabin Askiya. A nan ya kamata a lura: gidan Askiya da takobi ya shigo, kuma 'ya'yan gidan ba su taɓa manta wannan ba.

Askiya Muhammadu ya san ba gadon gidansu ya hau ba, don haka ya nemi halasci ta wajen addini. Ya tafi hajji a 1496 da mahaya 500 da dakaru 1,000 da miskalin zinariya 300,000, kamar yadda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a Tarikhus Sudan. Miskali ɗaya ya ɗan haura giram huɗu, ke nan zinariyar ta zarce kilo 1,200. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi sadaka a Makka da Madina. Ya dawo da rawani da matsayin halifan ƙasar Takruru, wato wannan yanki na Afirka ta Yamma. Ya kuma aika wa Shehu Maghili tambayoyi kan mulki da hukunci, Maghilin nan da ya zauna Kano ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiha.

Tsarin da ya kafa abin a yaba ne. Kurmina-fari shi ne na biyu a ƙasa, yana zaune Tindirma yana tsare duk yamma, kusan irin matsayin Galadiman Barno a Nguru. Wanda ya fara riƙe shi ɗan'uwan Askiya ne, Umaru. Balama yana Kabara, tashar jiragen Tumbuktu, da rundunarsa. Dendi-fari yana kudu maso gabas, wajen ƙasar Dandawa. Hi-koi sarkin jirage ne, Fari-mondiyo kuma mai kula da gandayen sarki, inda bayi ke noma shinkafa a bakin kogi ana loda ta a jirgi zuwa Gao. Kuɗin shiga daga nan yake fitowa, da harajin fatake, da gishirin Tagaza, da ganima.

Matsalar tana cikin wa ake ba waɗannan kujeru. Yawancinsu 'ya'yan sarki da 'yan'uwansa ake naɗawa, kowane da dawakinsa da ƙasar da ke ciyar da shi. Askiya Muhammadu kuma ya haifi 'ya'ya maza da yawa daga uwaye daban-daban, ba a kuwa tsayar da ƙa'idar wa zai gada ba. A bisa al'ada Kurmina-fari ake kallo a matsayin magaji, amma Tindirma na da nisan wajen kilomita 400 daga Gao. Kafin labarin rasuwa ya je masa ya taho, wanda ke fada ya riga ya karɓi mubaya'a. To sai ya zaɓa, ko ya durƙusa wa ƙaninsa, ko ya taso da rundunar yamma. Duk wanda ya hau kuma, aikinsa na farko shi ne ya tsige ko ya kashe 'yan'uwan da ke riƙe da runduna, wato ƙwararrun mayaƙan ƙasar da kansu.

Tun Askiya na farko yana raye abin ya soma. Ya tsufa, ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi ranar babbar salla a 1529. Musa ya shiga kashe 'yan'uwa, su ma suka kashe shi a 1531. Muhammadu Benkan, ɗan Umaru, ya haye, ya kai tsoho Askiya Muhammadu wani tsibiri a tsakiyar kogi, cikin sauro da kwaɗi. Benkan ɗin nan ne ya kai wa Kabi yaƙi ya sha kashi. Dama Kanta, sarkin Kabi, ya ɓalle tun wajen 1516, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas aka saɓa kan rabon ganima, kuma Songhai ba ta ƙara mallakar Kabi ba. A 1537 aka tuɓe Benkan, Isma'ila ɗan Askiya Muhammadu ya hau ya dawo da mahaifinsa gida, inda tsohon ya rasu a 1538. Kabarinsa na nan a Gao, ginin ƙasa mai tsawon mita 17.

Dauda, daga 1549 zuwa 1582, shi ne ya nuna tsarin na iya aiki idan an bi hanya. Yana Kurmina-fari aka kira shi Gao tun Askiya Isiyaku na ɗaya, wanda ya gaji Isma'ila, bai cika ba, saboda haka ya hau ba gardama. Mahaddacin Alƙur'ani ne, ya ajiye marubuta suna kwafar littattafai, ya girmama alƙalan Tumbuktu. A ganina babban gibin mulkinsa shi ne bai mayar da abin da ya cece shi doka ba. Da ya rasu, babban ɗansa yana Tindirma, ƙaninsa Alhaji da ke kusa ya riga shi. Alhaji aka tuɓe a 1586, Muhammadu Bani ya hau.

Yaƙin basasar 1588 daga kan zane guda ya tashi. An sace zanen wata kuyangar Kabara-farma Alu, mai karɓar harajin tashar, ya zargi wani baran Balama Sadiku, ya kama shi ya sa aka yi masa bulala. Balama ɗan Askiya Dauda ne, bai ga yadda bawan sarki zai taɓa masa yaro ba, sai ya soke Alu har lahira. Daga nan babu komawa. Ya kashe ɗan'uwansa Kurmina-fari Salihu, ya haɗa rundunar yamma, mutanen Tumbuktu suka yi masa mubaya'a, ya nufi Gao. Bani ya mutu a sansani kafin a gwabza, Isiyaku na biyu ya hau ya ci Sadiku da yaƙi, sannan ya bi hakiman yamma da kisa da ɗauri. Rabin ƙarfin daular ya tafi a hannun ɗaya rabin, saura shekara uku Maroko ta iso.

Sarkin Maroko Ahmadu Mansur ya daɗe yana neman Tagaza da zinariyar da ke bayanta. Dauda ya taɓa lallashinsa da miskali 10,000. A ƙarshen 1590 ya tura Judar Fasha da mayaƙa wajen 4,000, fiye da rabinsu masu bindigar lagwani, da raƙuma 8,000 ɗauke da ruwa da albarushi da guzuri. Irin wannan bindiga tana da jinkirin ɗuri, kuma rundunar da ta ratso hamada a gajiye take. Wurin da ya dace a tare ta shi ne bakin rijiyoyi ko lokacin da ta faɗo kogi. Isiyaku bai yi ba sai da suka matso kusa da Gao. A Tondibi aka koro shanu 1,000 a gaba don su tattake masu bindiga, ƙarar harbi ta firgita su, suka juyo kan masu su. Dawaki suka watse. Wasu dakaru da al'adarsu ba gudu suka shimfiɗa garkuwoyinsu suka zauna a kai, a nan aka kashe su.

Ko bayan wannan ba a daina ba. Isiyaku ya yi tayin miskali 100,000 da bayi 1,000 a janye, Mansur ya ƙi, ya sauya Judar da Mahmudu ɗan Zarƙun. Mutanen Isiyaku suka tuɓe shi a tsakiyar yaƙi suka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Gao, shi kuma Mahmudu ya yaudare shi da sunan sulhu ya kashe shi. Maroko ta naɗa nata Askiyan, Sulaimanu ɗan Dauda, a Tumbuktu, yayin da Nuhu, shi ma ɗan Dauda, ya koma Dandi yana yaƙin sunƙuru cikin dazuzzuka da fadamu, inda zazzaɓi ya kashe sojan Maroko masu yawa.