Wasiƙa daga Bankok kan macen kifin beta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da sanyi? Daga Bankok nake rubuto muku, babban birnin Tailan, kuma maganar kifin ado ce ta kawo ni, irin wanda ake sakawa a akwatin gilashi a falo. Na ga matasan mu sun fara sha'awar kifin beta sosai, kuma kusan kowa namiji yake nema saboda doguwar jelar nan tasa mai bajewa, macen kuwa sai dai a ɗauke ta gyara. To a kanta nake so mu yi magana, dan wallahi ita aka fi cuta.

Nan ƙasar ce asalinsa fa. A gonakin shinkafa da fadamu na yankin kogin Chao Phraya da Mekong yake rayuwa, ruwa mara zurfi mai ɗumi da ciyayi jingim, har a 2019 gwamnati ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. In ka shiga kasuwar Chatuchak wajen masu kifi za ka ga mazan jere a kwalabe, an sa ɗan kwali tsakanin kwalba da kwalba dan kar su hangi juna su yi ta kumbura, matan kuma an zube su a baho ɗaya a gefe. Daga irin wannan ne mutane ke ɗauka wai mace ba ta faɗa kuma ko a kofi za ta zauna. Ba haka bane sam. Wancan zaman kasuwa ne na ɗan lokaci.

Gaskiya ne tana da wata gaɓa a kai da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa za ka ga tana hawowa sama ta ɗan kurɓa ta koma, kuma shi ya sa ba ta saurin mutuwa a kwalba, amma kashinta da ragowar abinci suna lalata ɗan ruwan nan su zama guba, fiffikenta ya fara zagwanyewa, kifin da ya kamata ya yi shekara 2 zuwa 4 ya mutu tun bai je ko'ina ba. Mace ɗaya a ba ta akwatin da ya kai lita 20, da tsirrai da wajen ɓuya, kuma dan Allah a rufe saman dan suna tsalle, a dai bar sarari na iska. Ruwan famfo in da kulorin a sa maganin cire shi, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa duk mako, ba a juye shi gaba ɗaya.

Abun da ya fi damuna game da gida shi ne hunturu. Ruwanta so yake ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28, ku kuwa kun san yadda daren Disamba da Janairu yake a Kano da Zariya, balle Jos. In sanyi ya kama ta sai ta kwanta a ƙasa ta tsuke fiffike ta daina ci, ciwo ya biyo baya. Hita irin ta akwatin kifi ake sawa, kuma tunda wutar mu ba tabbas, a ajiye akwatin a ɗakin ciki nesa da taga, da dare a lulluɓe gefensa da bargo. Wanda ke da sola ya huta.

Sai maganar haɗa mata da yawa, wadda na san ita ce za ta ja hankalin wasu dan yana da kyau a ido. Suna da babba da ƙarama kamar kaji a akurki, in ka sa biyu ɗaya za ta takura wa ɗaya har ta rame, shi ya sa masu yi suke sa biyar ko fiye a akwatin lita 75 zuwa sama mai tsirrai da yawa, kuma duk da haka sai sun tanadi wani akwatin na ware wadda aka yi wa rauni. Ni dai ban ba sabon shiga shawarar ya fara da wannan ba. In ka ga ratsi a kwance daga kai zuwa jela kuma launinta ya dusashe, a takure take. Namiji kuma ba a barin shi da ita sai lokacin ƙwai, shi ke yin sheƙar kumfa a saman ruwa, shi ke gadi, da zarar ta saka sai a cire ta in ba haka ba zai ji mata ciwo. Wajen saye a duba ɗan farin ɗigo a ƙasan cikinta, alamar mace kenan, dan akwai maza masu gajeren fiffike da ake sayarwa a matsayin mata.

Abincinta nama ne, tsutsar sauro da ƙananan ƙwari, ko ƙwayoyin abincin beta 'yan kaɗan safe da yamma. Kar a zuba mata burodi ko garin masara.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ɗan uwanku a Bankok