Kalmar "scum" a bakin matasan Katsina

A Turanci, asalin ma'anar "scum" shi ne dattin da ke tasowa saman ruwa, irin gansakukar da ke lulluɓe kududdufi da damina. Daga nan Turawa suka mai da ita zagi, har suna cewa "scum of the earth" ga wanda suke ganin ba shi da sauran mutunci. Zagi ne mai nauyi ƙwarai, domin a 2021 sai da Angela Rayner ta jam'iyyar Labour a Birtaniya ta nemi gafara bayan ta jefi 'yan Conservative da shi. Raina yana ɓaci idan na ga matasan Katsina suna liƙa wa dattawa wannan kalma a Facebook saboda saɓanin siyasa.