Kafin ka tura wa kowa waƙarka

Ƙannena masu rubuta waƙa a Gombe, kusan duk wanda ya tare ni a cikinku tambayarsa ɗaya ce: yaya zan yi waƙata ta yi tashe? Har yau ban haɗu da wanda ya tambaye ni ta wa za ta zama idan ta yi tashen ba. Ni ma ban yi wannan tambayar ba, shi ya sa waƙata da ta fi kowace yawo ba a tashata take ba, kuma ko sisi ban taɓa ci da ita ba.

A ɗakina na Jekadafari na rubuta ta, na tara kuɗin studiyo daga ɗinkin da nake yi. Da aka gama, wani mai tashar YouTube da ke da mabiya ya ce in ba shi ya ɗora mini don jama'a su san ni. Jikina na rawa na tura masa ta WhatsApp, har da godiya. Ya ɗora, ya manna tambarinsa, sunana kuma can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Bayan haka ya kai ta wajen kamfanin da ke rarraba waƙoƙi zuwa Spotify da Boomplay da sauransu, ya cike fom a matsayin mai ita, aka shigar da ita Content ID, wato tsarin YouTube da ke haddace sautin waƙa ya riƙa gane ta duk inda aka sake ɗorawa. Ranar da na buɗe tawa tashar na ɗora abata, sai ga sanarwa cewa sautin mallakin wani ne, kuɗin talla ma shi za a ba. Da na kira shi cewa ya yi, "Haba ɗan'uwa, ai taimakonka na yi."

Doka tana tare da ni a lokacin, ni ne ban san ta ba. A Najeriya haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar ka rubuta waƙar ko ka naɗe ta, ba sai ka yi rajista ba, duk da cewa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC, tana karɓar rajistar ga mai so, kuma takardarta hujja ce mai amfani. Dokar 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce sayar da haƙƙi ko ba wani shi kaɗai izinin amfani da aiki ba ya inganta sai a rubuce. Ke nan mutumin nan bai da komai a hannu. Matsalar ita ce ni ma ba ni da komai. Littafin da na rubuta baitocin ya ɓata, saƙonninmu sun tafi da tsohuwar waya, a studiyo kuma ba a ba ni ko rasit ba. Sai na haƙura, kuma na fi jin haushin haƙurin nan a kan ɗaukar da ya yi.

Don haka ku fara buɗe tasharku, ko da mutum goma ne ke bin ku, ku ɗora a can tukuna. In mai babbar tasha yana so, ku rubuta a takarda: izinin ɗorawa ne kawai, a tasha kaza, ba zai kai ta wani dandali ba, ga yadda za a raba abin da aka samu. Kowa ya sa hannu a gaban shaida. Na san nauyin da ke cikin wannan. A wajenmu ka ce wa wanda ya girme ka ya sa hannu, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. To ai Alƙur'ani ma ya yi umarni a rubuta bashi, ba wanda ya ce rashin kunya ce.

Sai studiyo. Duk wanda ya taɓa shiga ya san yanayin: ɗan ɗaki an lilliƙa soso a bango, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirfo, zufa na bin bayanka, janareta na cin mai, mai kiɗa na ta ce maka "sake wannan baitin". In aka gama babu abin da kake so sai ka fita ka sha iska, sai ka karɓi MP3 a waya ka kama gabanka. Haka na yi ta yi. Daga baya kwamfutar studiyon ta lalace aka goge komai, lokacin da nake son in sake gyara wata waƙa in cire wani baiti, sai na tarar ba ni da komai sai wancan matsattsen fayil na MP3. Ku je da filasha. Ku karɓi WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, ku karɓi muryarku daban, ta 'yan amshi daban, kiɗa daban. Kuma kafin a taɓa fiyano ku yi magana da mai kiɗa: kuɗin da na biya na aikin yau ne kawai, ko har da mallakar kiɗan? Waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta, na baitoci da karin da aka tsara, da kuma na sautin da aka naɗa, kuma mai kiɗan da ya ƙirƙiro nasa yana da ta cewa. Na taɓa jin kiɗan da na biya a ƙarƙashin muryar wani a gidan biki a Tudun Wada, ban iya cewa uffan ba, don ba mu taɓa yin maganar ba. 'Yar amshi ma a sallame ta yadda ya kamata, a sa sunanta in tana so, wasu gidajen ba sa so.

Maganar kuɗin intanet kuwa, ku rage buri. YouTube ba ya fara ba ka kason talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts cikin kwana 90. Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, tun 2024 ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin shekara. Mutanenmu kuma yawancinsu ta Xender suke karɓar waƙa, ko a shagon masu turawa a memori, ko su ji gutsurenta a TikTok. Na taɓa biyan wani ya ƙaro mini masu kallo. Lamba ta hau, sharhi babu ko ɗaya, bayan ɗan lokaci lambar ta zube. Abin da ya taɓa sa mini kuɗi a aljihu shi ne waƙar ango da amarya, da ta suna, da tallan shago, kuma duk waɗannan sun same ni ne saboda sun ji wata waƙa da na saka sunana da murya a farkonta. Kada ku bar saka sunanku da murya a farkon waƙa, domin mai turawa yana iya sauya sunan fayil, amma ba kasafai yake zama ya yanke murya ba.

Waƙar siyasa ba zan ce kada ku yi ba, amma a karɓi rabin kuɗi kafin a shiga studiyo. Bayan zaɓe wayar mai girma ba ta shiga, ko ya ci ko ya faɗi.

Akwai kuma imel. Tashata ta farko wani yaro ne mai shagon waya ya buɗe mini da lambarsa, da ya koma Kano ya sauya layi, tashar ta bi shi da duk abin da ke ciki. Ku buɗe imel da tasha da hannunku, da layin da ke haɗe da NIN ɗinku, ku rubuta kalmar sirrin a littafi ku ajiye a gida. Baitoci kuma duk wanda kuka kammala, ku tura wa kanku ta imel ɗin nan a ranar, tare da ɗan naɗin muryarku kuna rerawa, saboda kwanan watan da ke jikin saƙon.