Jadawali kafin tambaya: yadda na tsara bincike a kan noman rani a Daɗin Kowa

Binciken digirina na biyu a kan masu noman shinkafar rani ne a Daɗin Kowa, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba ta jihar Gombe, inda madatsar da aka gina a kan kogin Gongola a shekarun 1980 take shayar da gonaki. Tambayar a baki ba wuya: in an cire kuɗin taki, iri, man inji da ƙwadago, me ke saura a hannun manomi? Samo amsar da za ta tsayu gaban masu jarrabawa kuwa, tun daga ɗaki ake fara shi.

Malamin da ya duba aikin bai bar ni na rubuta tambaya ko ɗaya ba sai da na kawo masa babi na huɗu a zane. Wato duk jadawalin da nake sa ran fitarwa a ƙarshe, da kanunsa da layukansa, amma babu lamba a ciki. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ai ban tattaro komai ba tukuna." Ya ce, "Shi ya sa. Tun ran gini ran zane." Da na zauna da waɗannan jadawalai, sai kowace tambaya ta zama dole ta nuna gurbin da amsarta za ta zauna. Wadda ba ta da gurbi, waje. Tambayoyi da dama da ɗalibai ke gada daga tsofaffin kundaye suka zube a nan. Yawan shekarun da mutum ya yi yana noman rani ya tsira, domin ina son ganin ko yana da alaƙa da yawan amfani. Takarda ta ragu, kuma manomin da ruwa ke gudu a gonarsa ba zai ba ka awa guda ba ko da ɗan gidansu ne kai.

Batun yawan mutanen da za a tambaya, kusan kowane babi na uku (babin hanyoyin bincike) a jami'o'inmu masanin ƙididdiga Taro Yamane yake ambato, da ƙa'idarsa ta 1967. Lissafin ba laifi: manoma 2,000 da kuskuren kashi 5 cikin 100 suna ba ka 333, kuma komai yawan jama'a ba za ka wuce 400 ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙa'idar ta ɗauka kana da cikakken jerin sunaye, kana kuma zaɓe ta hanyar ƙuri'a. Ina jerin? Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, ba ta kuma gaya maka wa ke noman rani bana. Jerin ƙungiyoyin manoma da na samu an rubuta shi ne don rabon taki, saboda haka akwai ma'aikatan da ke zaune a Gombe waɗanda ba su taɓa shiga taɓo ba, babu kuma masu haya da masu aro, alhali su ne a gonar. Sai na koma wajen jauro da sarkin noma na kowace shiyya, muka bi gonakin ɗaya bayan ɗaya ana faɗa mini wanda ke aiki a kowace. Daga nan na raba su biyu, masu shan ruwan magudana da masu ja da inji, domin kuɗin fetur kaɗai ya isa ya raba lissafinsu, sannan na yi ƙuri'a a kowane rukuni.

Inda na fi daɗewa shi ne awo, kuma a ganina nan ne yawancin binciken noma ke mutuwa ba tare da mai shi ya sani ba. Takarda tana son hekta da kilo. Manomi yana da eka da buhu. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, wannan a littafi ke nan. Ekar baki kuwa takan zama duk abin da mai gona ya saba kira eka tun zamanin mahaifinsa. Buhun taki kilo 50 ne, an rubuta a jikinsa. Buhun shanshera fa? Ya danganta da irin buhun, da yadda aka danna shi, da ko an ɗinka masa hula, da kuma ko shinkafar ta bushe. Don haka na sa a tsarin cewa za a taka gefen kowace gona da wayar hannu a auna faɗinta, kuma na ari sikeli muka auna buhuna a wurin casa da wurin 'yan sari, na fitar da matsakaicin nauyi da nake juya amsoshi da shi. A ƙananan gonaki awon waya yakan yi kuskure sosai, sai mu koma igiya.

Ko awo ya daidaita, saura gaskiyar lamba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Kebbi a 2015, baƙo da takarda a hannu abu biyu yake nufi ga manomi: ko ya zo rubuta sunan masu samun tallafi, ko ya zo bin bashi. Mai sa ran tallafi yakan faɗaɗa gonarsa, mai tsoron bashi yakan rage buhunansa. Bayanin da muke yi a farko, cewa karatu ne kawai, babu abin da za a raba, kuma wanda bai so ba yana iya ƙi, ya rage abin amma bai kashe shi ba. Shi ya sa na bi kowace lamba mai muhimmanci ta hanya biyu. Bayan tambayar buhu nawa aka samu, can gaba sai a tambayi buhunan zuba nawa ya saya, nawa kuma ya biya 'yan dako. Ga Musulmin da amfaninsa ya kai nisabi akwai tambayar zakka, wadda mutane ba su cika wasa da ita ba: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Sai dai a tambayi mutum da wanne ya fitar, domin masu ruwan magudana ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. In lambobin suka yi hannun riga, ba ma cewa dattijo ya yi ƙarya. "Baba, ko akwai wanda aka kai gida tun kafin a ƙirga?" Sau da yawa akwai.

Gwajin da na yi a wani ƙauye da ba ya cikin waɗanda na zaɓa ya sa na jefar da ma'aunin Likert mai hawa biyar, wato inda mutum ke zaɓar matakin yardarsa da magana daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba ko kaɗan". Dattijo ba zai dubi baƙon da ya gaishe shi da ladabi ya ce bai yarda da maganarsa ba ko kaɗan. Kunya ba za ta bar shi ba, sai amsoshi su taru a gefe guda. Maimakonsa muka riƙa ba mutum ƙwayar masara goma, mu zana da'irori a ƙasa, taki, fetur, tsuntsaye, ƙarancin ruwa, farashi, ya raba ƙwayoyin gwargwadon yadda kowanne ya dame shi. Nan mutum yake tsayawa ya yi tunani, har ya ɗauke ƙwaya daga nan ya mayar can.

Sauran shirin na yau da kullum ne. Mataimaka masu jin Fulatanci da Teranci, da mace guda domin shiga gida wajen matan da ke turara shinkafa. Ba a zuwa da sassafe, lokacin ban ruwa ne, ba a zuwa ranar kasuwa. Bayan la'asar ya fi. Tambayoyin na ɗora su a KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi a waya wadda ke aiki ko babu intanet, kuma kowane dare nakan duba abin da ya shigo tun mataimaki bai manta fuskar mai amsar ba. Sifili daban, "ban sani ba" daban, gurbin da aka tsallake daban, kowanne da lambarsa, in ba haka ba manhajar nazarin lambobi ta SPSS za ta haɗa wanda bai sa taki ba da wanda ya manta nawa ya sa.

Da aka zo nazari, aikin ya zama cike guraben da aka zana tun farko. Shawara biyu na yanke kafin na ga lamba, don kada sakamako ya ja ni. Ta farko, zan ba da lambar tsakiya (wadda ke tsakiya in an jera lambobi daga ƙarama zuwa babba) tare da matsakaici (jimla a raba da yawan mutane), saboda manyan manoma ƙalilan kan ja matsakaici sama har ƙaramin manomi ya ɓace a ciki. Ta biyu ita ce ƙwadagon gida. In ka ɗauki aikin manomi da 'ya'yansa kyauta, kusan kowa riba yake ci. In ka sa masa kuɗin da ake biyan ɗan ƙwadago a yini, da korar tsuntsaye da yara ke yi tun asuba, ribar masu ja da inji takan tsuke ƙwarai. Manoman da kansu ba sa lissafa guminsu a matsayin kuɗi, littattafan tattalin arziki kuma sun ce a lissafa. Na jera duka biyun gefe da gefe a jadawali ɗaya, kuma a kansa masu jarrabawa suka fi tsare ni da tambayoyi ranar kare kundin.