Kafin alƙalamin da na ba magini a Tawa

Aikina yanzu shi ne lura da ginin mutanen da ba sa gari. Wanda ya san Tawa ya san gidaje da yawa a nan da guminsu 'yan ci-rani suke tsayar da su. Mutum yana Abijan ko Libiya yana fama, ya turo kuɗi ta Nita ko Al Izza, wani ɗan'uwa a gida ya karɓa ya miƙa wa maso, wato magini. Ni ne wannan ɗan'uwan a karon farko, kuma gidan yayana ne ya zama makarantata.

Kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallar 2023 yaya ya turo jikka 900, wato sefa dubu 900, ya ce a fara masa ɗaki biyu da falo. Maginin da muka ɗauka ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke sallah, aikinsa kuwa kowa ya shaida. Ya ce in ba shi kuɗin gaba ɗaya ya sayi siminti da ƙarfe tun kafin su tashi, sauran ya sallami leburori. Maganar ta shige ni. Na ƙirga masa a zaure, ba takarda, ba shaida. Na ji nauyin in ce wa wanda ya girme ni ya sa hannu, kamar na kira shi ɓarawo ne.

Aka haƙa harsashi, aka sauke tan biyu na siminti, buhu 40 ke nan, da tifar yashi guda. Sai aiki ya fara jan ƙafa. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. Kayan da ke shigowa ta Ƙonni suka tsaya, farashin kayan gini ya kama hawa, duk da masana'antar siminti ta Malbaza tana nan cikin jiharmu. Ni kuwa hankalina kwance, tunda a lissafina an riga an sayi kayanmu da tsohon farashi.

Ba a saya ba. Wani yaro mai buga bulo ne ya ce mini in je bayan gari in duba wani gida da ake wa rufi. Na hau babur na je. Na tarar da maginin namu bisa katanga, sumunti har gwiwar hannu, yana jera ƙarfe. Da ya hango ni sai ya sauko a hankali, ya goge hannu a wando, bai iya haɗa ido da ni ba. Na ce, "Baba, ina kayanmu?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wallahi ban ci kuɗinku ba. Mai wannan gidan ya matsa mini, nasa kuɗin kuma ya tafi a aikin da ya gabata. Na ce in rufe masa, in ya cika mini in dawo kanku."

Na daɗe ina juya wannan amsa, don ta fi kuɗin da muka yi asara koya mini abu. Mutumin nan bai sayi babur ba, bai ƙara aure ba. Rami yake haƙawa ya cike wani ramin. Kuɗin mai gida na biyu ne ke ƙarasa gidan na farko, na uku ya ƙarasa na biyu, haka abin yake juyawa shekara da shekaru ba wanda ya gane, muddin farashi na tsaye kuma sabon aiki na shigowa. Ranar da siminti ya tashi ko aiki ya yanke, wanda ya biya ƙarshe shi ke kwana ciki. A wannan karon mu ne. Kuma da hannuna na jefa kuɗin yayana cikin ramin, domin na ba da su dunƙule, ba tare da an ce wannan na siminti ne, wannan na ƙarfe, wannan ladan hannu ba. Kuɗin da ba a raɗa wa suna ba duk inda buƙata ta kira shi zai tafi.

Ba mu kai shi kwamisariya ba. Limamin unguwa da wani dattijo suka zaunar da mu, aka rubuta abin da ke kansa, ya yi ta biya da aikin hannunsa har muka kai linta. Amma bambancin farashi mu muka ɗauka. Wayar da na yi wa yaya a daren nan ita ce mafi nauyi da na taɓa yi. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ƙanena, ka san buhu nawa na ɗauka a kai kafin in tara wannan?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A aiki na biyu na rantse ko dala ba zan ba da ba sai na ga aiki. Nan ma na yi kuskure, kuma wani tsohon maso ne ya gyara mini zama. Ya ce, "Malam, ni zan iya jiranka wata guda. Yaron da ke kwaɓa kankare fa? In rana ta faɗi bai riƙe wani abu ba, gidansu ba a ɗora tukunya. Mai kurar ruwa ba ya bashi. Mai katakon da zan ara don zuba ginshiƙi sai na ajiye masa wani abu." Kwana uku leburorinsa suka watse suka koma wani shantiye, wato wani wurin gini. Gaskiya ya faɗa. Magini a garin nan ba kamfani ba ne mai ajiya a banki. Jarinsa cokalin gini ne da igiya da ma'aunin ruwa. Wanda ya hana shi kafin alƙalami gaba ɗaya ya tura shi cin bashi, ko taɓa kuɗin wani, ko rage siminti a kwaɓi. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe a kan mai gida yake, kamar yadda ayar rubuta bashi ta cikin Baƙara take a kan kowa da kowa.

Tun daga nan na raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, ba sa sake haɗuwa a aljihu ɗaya. Kaya ni nake saya, tare da maginin, shi ya zaɓa ni in biya, a sauke a wurin aiki in ƙirga. Sandar ƙarfe mita 12 ce, kuma lamba 8 ba lamba 10 ba ce ko da mai shago ya rantse, sai na auna. Buhunan siminti da aka juye ina sa a tara mini su in gani da yamma. Mai buga bulo kuwa tun farko muke yanke bulo nawa zai fitar daga buhu guda, don a nan ake yi wa gini kisan mummuƙe: a ƙara yashi, adadi ya yi yawa, bayan damina biyu ka murza da yatsa ya zube.

Kuɗin hannu hawa-hawa nake biya: harsashi, tashin bango zuwa linta, rufi, sannan yaɓe. Abansin, wato kafin alƙalamin, da nake bayarwa a farkon kowane hawa bai wuce abin da zai riƙe leburori da ruwa na mako guda ba, kuma a rubuce yake, da kwanan wata, da shaidu biyu. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami, ko ya dangwala yatsa. Na lura magini na ƙwarai ba ya ƙin takarda, don shi ma tana kare shi ranar da mai gida zai ce ai da katangar waje muka yi ciniki. Hoton takardar da na aikin duka ina tura wa mai gidan ta WhatsApp a ranar.

Akwai abin da biyan gaba yake ɓatawa wanda ban taɓa zato ba, wato haƙuri. Kankare yana son a shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Maginin da ya riga ya karɓe kuɗinsa duka hankalinsa na kan aiki na gaba, zai so ya cire katako da wuri ya wuce. A zafin Afrilu na Tawa, dal ɗin, wato shimfiɗar kankaren, da ba a shayar ba tsagewa yake tun ba a shiga gidan ba. Saboda haka ranakun ban-ruwa ma ina sa su cikin yarjejeniya.

Da gwamnati ta karya farashin siminti a Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rusa gidaje a daminar shekarar, muka samu muka rufe gidan yaya. Maginin farko ne ya yi rufin, ni na nemo shi da kaina, wannan karon da takarda. Na riƙe masa wani ɗan kaso muka yi alkawari sai ruwan farko ya sauka. Daren da aka yi ruwan na shiga ɗakunan da tocila ina haska kusurwa-kusurwa, ba ɗigo ko ɗaya. Da asuba bayan an sallame sallah na miƙa masa cikon kuɗinsa a ƙofar masallaci, ya ƙirga, ya ɗauko takardar daga aljihu ya ce in rubuta an gama.