Yadda lissafin 'yan sumo ya sama min abokan hira a Japan

Ni dai da na zo Japan aikin kwance tsofaffin motoci na samu a wani gareji wajen Nagoya, kuma wallahi shirun mutanen ya fi sanyin ƙasar damuna. Lokacin hutu kowa ya ja abincinsa ya ci, ni ina gefe ina latsa waya. Sai fa in gasar sumo, wato kokawar gargajiyar Japan, ta kama, nan dattijon da ke shugabantarmu ba ya barin talabijin ta huta har ƙarfe 6 na yamma da ake tashi.

Abin da ya fara jawo ni takardar sakamako ce, farin ɗigo ka yi kaye, baƙi an ka da kai, wannan ko ba ka jin Japananci za ka karanta. Gasa 6 ake yi a shekara, 3 a Tokyo, sauran a Osaka da Nagoya da Fukuoka, kowacce kwana 15, manyan 'yan wasa kullum sai sun shiga fili. Wanda ya ci 8 ya tsira, kachi-koshi suke cewa, sunansa ya hau sama a jerin matsayi, wanda ya tsaya a 7 kuma yawanci sai ya gangara. Mu da muka taso da kokawa mun saba da kirari da ganga, makaɗi ne ke riƙe tarihin ɗan kokawa, su kuwa nan komai a rubuce yake tun zamanin kakanni.

Da lambobin nan na fara buɗe baki. In ce "Hakuho, 45" kawai sai ka ga an juyo, ai kofuna 45 ya ɗauka da nasara 1,187 kafin ya ajiye a 2021, kuma ɗan Mongoliya ne, baƙo kamar ni. Dattijon sai ya girgiza kai ya ce Futabayama, 69, wato nasara 69 a jere daga 1936 zuwa 1939, Hakuho ya biyo sawu a 2010 amma a 63 aka tare shi. Musun nan har yau ba mu gama ba.

A ganina dai lissafin nan juriya yake aunawa fiye da ƙarfi. Babu rabon ajin nauyi, Chiyonofuji da bai kai abokan karawarsa jiki ba ya ci kofi 31. Kuma in gwiwa ta ƙi ka kasa fitowa, ranakun nan kamar faɗuwa ake ɗaukarsu wajen tsara matsayi, haka za ka ga gwani ya zube ƙasa ba don wani ya fi shi ba, yokozuna, wato mai matsayi mafi girma, ne kaɗai ba a saukewa, shi sai dai ya yi ritaya. Mai neman ozeki kuwa, matsayin da ke bin yokozuna, sai ya tara nasara wajen 33 a gasa uku a jere, wata biyar kenan jikinka bai ba ka kunya ba.

Yanzu su ma suna tambayata, wai ko na san Osunaarashi ɗan Masar tunda daga Afirka yake, sai na buɗo taswira a waya na nuna musu nisan Alƙahira da Kano.