Mutum nawa kujerar hasumiya take ci?

Wanda ya bi ta gefen filin jirgin Damagaram ya ga wuri shiru, sai ya ɗauka ma'aikatan hasumiya albashin zama suke karɓa. Amma tsara aikin masu kula da zirga-zirgar jirage daga awoyi ake fara shi: awa nawa dole a samu mutum a kan kujera, rediyo a kunne, ko jirgi ya zo ko bai zo ba.

Kujerar da ba a rufewa dare da rana tana cin awa 8,760 a shekara. Ma'aikaci mai awa 40 a mako yana da 2,080 a takarda. Cire konje na wata guda, ranakun salla, kwas na sabunta ilimi, ganin likita da rashin lafiya, abin da zai rage bai wuce 1,700 ba. Kenan mutum biyar da ɗoriya, kafin a sa mai canji, don ba a barin mutum a kan makirfo tun safe har yamma. Wurare da yawa bayan awa biyu ake tashe shi ya huta. Shida ko bakwai ne adadin gaskiya.

Ƙaramin fili ya fi shan wuya a wannan lissafi. A ce hasumiya tana buɗe awa 12 kullum, awa 84 a mako, da mutum huɗu. Ɗaya ya tafi Yamai kwas, ɗaya likita ya dakatar da shi saboda hawan jini ko ido. Saura biyu, kowa awa 42, kuma ranar da ɗaya yake hutu ɗayan ba shi da mai riƙe masa ya yi salla ko ya ci abinci. Sai ga jirgin ɗaukar mara lafiya da dare, ko tawagar manya da ta makara, ko hazon hunturu ya sa jirgin safe ya koma na la'asar. Duk waɗannan awoyin ƙari ne, kuma kan mutum biyun nan suke faɗawa. Babbar cibiya ta rasa mutum biyu, ko a jikinta.

Bambancin albashi kuwa daga wurare biyu yake fitowa. Na farko cancantar da aka rubuta a lasin: akwai ta hasumiya, ta kusanto fili, da ta sararin sama mai nisa, irin wadda ake riƙewa a cibiyar Yamai, inda jiragen Turai da kudancin Afirka suke kwararowa cikin dare. Mai koyarwa da shugaban rukuni su ma suna da firim nasu a saman albashi. Na biyu asusun da ake biya daga ciki. ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta ƙasashen Afirka da dama har da Nijar, wadda aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, tana da ayyukan tarayya da kuɗin ratsa sama yake ɗauka, wanda ake lissafawa da nauyin jirgi da nisan tafiya. Akwai kuma ayyukan ƙasa, filayen cikin gida da gwamnati take ba ta amanarsu, su kuma aljihunsu daban. Shi ya sa mutum biyu da suka zauna aji ɗaya a EAMAC, makarantar ASECNA ta Yamai, suna iya fitowa da takardun albashi marasa kama.

A ganina illar awoyin ƙari ita ce suna ɓoye giɓi. Jadawali ya cika, ba jirgin da aka mayar, ofis ya ga komai lafiya. Ma'aikaci ma ya saba, ya ɗora bashin gini da kuɗin makarantar yara a kan ƙarin, har ya daina son a kawo sabon mutum. Gajiya kuwa ba ta sallama: a karanta tsayin da bai dace ba, matuƙi ya maimaita kuskure kunne bai kama ba, a manta motar da aka ba izinin shiga titin jirgi. Daren 1 ga Yuli 2002, mutum ɗaya ne yake riƙe kujeru biyu a cibiyar Zurich lokacin da jirage biyu suka yi karo a saman Überlingen ta Jamus, mutum 71 suka rasu. Tun Nuwamba 2020 ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya, ta wajabta wa ƙasashe ƙa'idar kula da gajiyar waɗannan ma'aikata: iyakar awoyin aiki, iyakar ranaku a jere, da mafi ƙarancin hutu. Yajin aikin da haɗakar sendikokinsu na ASECNA, USYCAA, ta fara ranar 23 ga Satumba 2022 ma, ƙarancin ma'aikata da horo suna cikin kokensa.

Cike giɓin ba ya saurin yiwuwa. Lasin sai mai shekara 21, da shaidar lafiya aji na 3, da Ingilishi mataki na 4 da ake sake gwadawa. Cancanta kuma ta wuri ce, kuma takan faɗi idan mutum ya daɗe bai yi aiki da ita ba, abin da bai wuce wata shida ba. Ko gwanin Yamai aka turo Damagaram, ba zai zauna shi kaɗai ba sai ya yi awoyinsa ƙarƙashin mai koyarwa, mai koyarwar kuwa ɗaya ne daga cikin mutum biyun nan da suka rage.